Neman shawara: yaya zan yi in riƙa cin ganyen lambuna har cikin hunturu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu lambu ku taimaka min. Ina da fangali huɗu a bayan gida, kuma inda nake hunturu yana tsanani, har raɓa ta kan daskare a kan ganye da asuba. Bara da na ga sanyi ya kankama sai na shuka karas, latas da kabeji, na bar tumatir da tattasai a tsaye. Dare ɗaya tumatirin da tattasan suka yi baƙi kamar an kwara musu ruwan zafi. Sauran kuwa sun tsiro, amma wata uku suna nan yadda suke, ba su mutu ba, ba su girma ba. Na zuba taki, na ƙara ruwa, shiru. Abin ya dame ni ƙwarai, domin burina yarana su ci abin da na noma da hannuna duk shekara. Ina kuskuren yake?

Wani dattijo mai lambu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Hannunki lafiya lau, makara kika yi. Abin da za a ci a hunturu ba a hunturu ake shuka shi ba. Da zarar hasken yini ya gaza awa 10, kuma ƙasa ta yi sanyi, yawancin ganyaye sai su tsaya cak, ko buhun taki kika juye musu. Saboda haka lambun hunturu rumbu ne: ki cika shi tun da sauran zafi, sanyi ya adana miki, ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Ga yadda nake lissafi. Ki tuna lokacin da raɓa ta saba fara daskarewa a wajenku. Ki duba bayan takardar iri, za ki ga kwanakin da yake ɗauka kafin ya ƙosa. Ki ƙara mako 2 a kai, tunda yini yana raguwa kuma girma yana yin nawa, sannan ki ƙirgo baya. Karas yakan ci kwana 70 zuwa 80, kin ga ke nan wajen wata 3 kafin sanyi ya kamata ya shiga ƙasa. Kabeji ma ya fi haka in kin haɗa da renonsa kafin dashe. Tumatir, tattasai, kuɓewa da yalo kuwa ki cire rai, 'yan zafi ne. Ki tsinke 'ya'yan kafin daren farko na daskarewa, ɗanyen tumatir zai nuna a ɗaki.

Wata 'yar'uwa:
Baba ya gama magana. Ni dai zan ƙara jan kunne ɗaya da ya taɓa cina: alayyahu ba ya jure sanyi ko kaɗan. Ganyen da ake kira sifinaj daban ne, shi ne jarumin. Ki nemi shi da kel, ɗan'uwan kabeji da ba ya dunƙulewa, da lik mai kama da albasa mai lawashi. Idan za ki ɗiba, ki tsinki ganyen gefe ki bar na tsakiya. Kuma kada ki taɓa ganye yana daskare, ki bari rana ta fito ya saki, in ba haka ba zai lalace a hannunki.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Yaya. Wallahi har na ji sanyi a raina. To karas ɗin in ya ƙosa, sai in tone duka?

Dattijon:
A'a, ki bar shi a ƙasa. Ki lulluɓe fangalin da busasshiyar ciyawa mai kauri, kamar taƙi ɗaya na hannu, don kada ƙasa ta daskare ta hana ki tono. Za ki ji ya fi zaƙi, domin sanyi yana sa saiwar ta tara sukari. Sai dai ki riƙa ɗaga ciyawar kina dubawa, ɓeraye ma suna son ɗumi.

Wani matashi:
Hajiya, latas ba shi da ƙarfin kel, yana son rufi. Ni na lanƙwasa ƙarafa a kan fangali na shimfiɗa leda mai haske. Abu biyu na koya da wuya. Kada ledar ta taɓa ganye, duk inda ta taɓa nan sanyi zai ƙone. Sannan ranar da aka yi rana ki buɗe gefe iska ta shiga, ki rufe kafin magariba. Na taɓa mantawa yini guda, na dawo na tarar da latas ya yi laushi, gumi ya cika ciki, bayan kwanaki ruɓa ta biyo.

'Yar'uwar ta dawo:
Batun taki da ruwa da kika ce kin ƙara, shi ma ki rage. Taki mai sa ganye, in an zuba dab da sanyi, sabon toho mai taushi yake fitarwa, shi ne kuma farkon mutuwa. Ban ruwa da safe, sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe. Ruwa ya kwanta a gindi cikin sanyi, saiwa ruɓewa take yi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na duba takardun irina yanzu, karas da kabeji a wannan makon ya kamata su shiga. Fangali na huɗu fa, in na makara da shi?

Dattijon:
Ki zuba radish, mai ƙaramar saiwa mai ɗan yaji da ake ci ɗanya, wata guda ya ishe shi. In shi ma lokaci ya ƙure, ki dasa tafarnuwa, ki rufe da ciyawa. Za ta yi saiwa ta kwana a ƙasa duk hunturu, ki tone ta idan zafi ya dawo.