A cire ƙwan kamfani a sa farin LED a moto?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk mai moto, wato babur, a Kumasi da har yau yake yawo da jan ƙwan da kamfani ya sa masa a fitila, da ransa yake wasa. A cire a sa farin LED kawai. Wat 35 ne fa, kana sakin totur ya koma kamar aci-balbal. Ku shiga lungunan Aboabo ko Sawaba bayan isha'i, inda fitilar titi ba ta ci, ga kwata a buɗe ga ramuka, ku gaya mini abin da ƙwan nan yake nuna muku.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai a bayan fitilar kake zaune, ni kuwa a gabanta nake. Trotro, motar haya ta fasinja, nake ja daga Kejetia zuwa Ejisu, tun asuba har dare. Idan ɗayanku ya taho da farar wutar nan, wallahi titin ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Ya wuce ma idona bai dawo ba. Mota cike da mutane, ni ina tuƙi da ƙiyasi.

Ɗan Aboabo: Kawu, da girmanka, ai ku kuka fara. Su wa suke ba mu ful tun daga Oforikrom har Anloga Junction, a yi musu alama su ƙi yin dim? Ga masu mota mai ido ɗaya, ka ɗauka ɗan'uwanka ne mai moto, sai ka matso ka ga bas ce, Sprinter. Da jan ƙwai ba mai ganinmu. Tunda na sa fari, tun daga nesa direba yake kauce mini.

Kawu Direba: Ba kauce maka yake yi ba, laluben hanya yake. Ranar da ya lalubo ta ɓangarenka fa?

Hajiya Mai Waakye: Ku biyun duk kuna kan taya, ku tuna da na ƙasa. Yarana da duhun asuba suke tsallaka titi a Asawase da tukunya a ka. Mai moto ya taho da farar wuta ta nan, mai mota ya taho ta can, yarinyar tana tsakiya, kuma mai motar ba ya ganinta sam saboda an kashe masa ido. Ni wannan ne abin da yake hana ni sukuni.

Masta Wayarin: Hajiya, Kawu, barkanku da dare. Ɗan Aboabo, ka bar ni in yi magana a matsayin wanda ake kawo wa fitilun nan a Suame Magazine, unguwar makanikai, bayan sun ba da matsala. Gaskiyarka ɗaya ce: ƙwan wat 35 ba shi da ƙarfi, kuma LED ya fi shi ba da haske a kan wutar da yake ci. Amma ƙwai shi kaɗai ba shi ne fitila ba. Kwanon nan mai ƙyalli da ke bayansa shi yake tattara hasken ya zuba shi a titi, kuma an ƙera shi ne daidai da inda siririyar wayar cikin tsohon ƙwan take zaune. Ko ɗan kaucewa aka yi, hasken ya watse. A irin ƙwan fitilar gaba da ake kira H4 ko HS1 ma akwai wani ɗan marfi a jikin wayar dim, shi yake yanke haske kada ya tashi sama zuwa idon mai tahowa. Yawancin LED mai araha da ake sayarwa, wanda aka jera wa ƙwayoyin haske ta kowane gefe, ba shi da wannan yankan. Sai ka ga saman bishiya da allon talla sun yi fes, ramin da ke mita 30 a gabanka kuwa yana nan cikin duhu.

Ɗan Aboabo: Masta, amma ni da idona nake gani. Gabana tas yake.

Masta Wayarin: Gaban tayarka ne tas. Wurin nan idan ya yi haske da yawa, idonka yakan tsuke, nesa ta ƙara yi maka duhu. Kana jin daɗi, sai ka ƙara gudu, alhali nisan da kake gani bai ƙaru ba. Sannan ga wayarin. Da yawa daga ƙananan mashinan da muke hawa, fitilarsu daga kwayil take shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba. Shi ya sa take dushewa a silo, ta ƙaru idan ka ja totur. LED kuwa wutar batir yake so. Ka sa shi a kan ta kwayil, idan ba shi da rektifaya a cikinsa, wato abin da yake mai da wutar kwayil irin ta batir, sai ya riƙa ƙifta ido har ya ƙone. Ka mai da shi kan batir ba tare da an gyara cajin ba, wata safiya ka danna sitata shiru.

Mai Aboboya: Masta, ni dai a nan ina bayan yaron nan. Hanyoyin da nake bi da kaya a aboboya, babur ɗina mai taya uku, girgiza kaɗai tana tsinka wayar cikin jan ƙwai. Ka saya yau, jibi ya mutu, kuma a tsakiyar hanya yake mutuwa. LED ba shi da wayar da za ta tsinke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na abinci.

Masta Wayarin: Haka ne, Alhaji. Shi abin da yake kashe shi zafi ne. Mai ɗan fanka a baya, ƙura ta cika fankar ta tsaya, shi ke nan. Amma gara shi sau dubu da masu sa jan ƙwai na wat 100. Na wat 35 wajen amp 3 yake ja, na 100 ya haura amp 8. Wayar da makunnin ba a yi su don haka ba. Soket ya narke, gilashin roba ya ƙone, wani lokacin har hayaƙi.

Malam na Tafo: Bari in sa lissafi a maganar Kawu. Mai gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari, yana cin kusan mita 14 a kowane daƙiƙa. Idan an kashe masa ido na daƙiƙa uku, ya yi tafiyar fiye da mita 40 bai ga komai ba. Kuma idon dattijo ya fi na saurayi jinkirin dawowa bayan haske ya buge shi, saboda haka abin da kai ɗan shekara ashirin da wani abu kake jurewa, Kawu ba zai jure ba. Sai batun doka. A dokar hanya ta Ghana ta 2012, mai lamba L.I. 2180, an sa sashe na 65 a kan fitilu, kuma da shi hukumar kiyaye haɗura ta NRSA da 'yan sandan kula da titi na MTTD suka bi manyan motoci a 2021 suna ciro ƙarin fitilun da aka jera musu.

Ɗan Aboabo: Malam, wancan na masu tirela ne da suke jera fitila goma a goshin mota. Ni ƙwai ɗaya na canza.

Malam na Tafo: Dalilin da ya sa aka cire nasu shi ne suna makantar da mai tahowa. Ka tambayi Kawu ko taka ba ta yi.

Kawu Direba: Tana yi. Har ta fi ciwo, don ta tirela ina hango ta in shirya, taku kuwa daga lungu take faɗowa.

Mai Aboboya: To ƙananan nan masu ruwan ɗorawa da ake ɗaurawa a ƙarfen gaba fa? Da hunturu, hanyar Offinso, su suke cetona. Fari a cikin ƙura bango kawai yake yi maka.

Malam na Tafo: Alhaji, yawancin amfaninsu daga inda aka ɗaura su ne. Suna ƙasa, haskensu yana bin titi, ba ya dawo maka ido daga ƙurar. Launin yana taimakawa ta wajen sauƙi ga ido, don farin nan mai shuɗi-shuɗi, wanda lambar launinsa 6000K ce, ya fi damun mutum. Amma ka ɗaga su sama ka gani, ko ruwan ɗorawa ne sai sun dame mu.

Hajiya Mai Waakye: Ni duk wannan K ɗin ban san shi ba. Abin da na sani, rabinku ba ku da jar wutar baya. Gaba kamar rana, baya ba ko ɗigo. In ganin mutum ake so a yi, me ya hana a fara da nan, da rigar nan mai ƙyalli?

Ɗan Aboabo: Hajiya, tawa tana ci, ki tambayi kowa. Masta, to yanzu me kake so mu yi? Mu koma duhu don Kawu ya ji daɗi? Ni fa ba zan mai da jan ƙwai ba.

Masta Wayarin: Ban ce ka mayar ba. Kafin mutum ya sayi komai, ya wanke gilashin, ya duba ko kwanon ciki ya dushe, a gyara masa wayar at, wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mashin, don fitilu da yawa wuta ce ba ta isa gare su. In LED kake so, ka sayi fitilar gaba ɗaya wadda aka ƙera don LED, mai ƙwayar gilashi a gaba da take yanke haske a miƙe. In kuɗin bai kai ba, ka nemi ƙwan da ƙwayoyinsa suke gefe biyu kawai, a daidai inda wayar tsohon take. Lambar lumen, wato ƙarfin haske, da ke jikin kwali kuwa kada ta ruɗe ka, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Daga nan sai saiti. Ka tsaya mita 10 daga bango a wuri mai daidai, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango. A dim, saman hasken ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10. In ba ka ga layi ba sam, haske kawai ya fantsama ko'ina, wannan ƙwan ba na kwanonka ba ne, ba saitin da zai gyara shi.

Mai Aboboya: Da kaya ko ba kaya? Ni ina loda buhuna baya ya zauna, gaba ya ɗaga.

Masta Wayarin: Da kayan, Alhaji. Mai ɗaukar fasinja ma haka, da mutum a baya za a saita, don nauyinsa kaɗai yana ɗaga fitilar.

Ɗan Aboabo: Na yarda a gwada tawa a bango. In layi ya fito, Kawu ya janye maganarsa a nan gaban kowa. Kuma shi ma ya kawo trotro ɗinsa a auna, don idonta na hagu sama yake kallo, na sha haɗuwa da ita a Anloga.

Kawu Direba: Zan kawo. Amma ko layi ya fito, wannan farin mai shuɗi ban yafe masa ba.

Masta Wayarin: Ku zo bayan magariba, da rana bango ba ya nuna komai. Ɗan Aboabo, ka taho da wanda zai zauna maka a baya.