Yadda za a tantance kalar 'ya'yan macijin masara kafin a sa musu farashi

Sani_Agege:
Assalamu alaikum. Macijin masara (corn snake) nake kiwo a gida. Uba amel ne, wato mai ja da ruwan lemo marar baƙi, uwa mai kalar asali. A ƙwai 16 da suka ƙyanƙyashe akwai masu kama da uwar, akwai ja da ruwan lemo, biyu ruwan toka, biyu kuma fari-fari da ɗan ruwan hoda. Daga ina toka da fari suka fito? Kuma yaya zan sa kuɗi ba tare da na cuci mai saye ba?

Malam_Habu_IdiAraba:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Fara da ido da ciki, kar ka fara da baya. Amel ba shi da baƙi ko ɗigo, idonsa ja ne. Mai ruwan tokan nan aneri ne: jan launi ne ya rasa, idonsa baƙi, kuma idan ya girma rawaya kan fito masa a gefen wuya. Fararen sun haɗa amel da aneri, su ake kira sino.

Amel da aneri duka biyun gado ne mai ɓuya, sai ɗa ya samu daga uwa da uba sannan ya bayyana. Ke nan uwar tana ɗauke da amel da aneri a ɓoye, uban kuma yana ɗauke da aneri. A irin wannan haɗi, cikin kowane 8 ana sa ran 3 na asali, 3 amel, 1 aneri, 1 sino. Duk ɗan da bai fito amel ko sino ba, tabbas het amel ne, wato yana ɗauke da amel a ɓoye, tunda ubansa amel ne. Amma aneri a ɓoye ba tabbas: na asali da amel ɗin damarsu kashi 66 cikin 100 ce. Haka za ka rubuta, kar ka sayar da su a matsayin het aneri cikakke.

Hajiya_Binta_Mile12:
Ƙari a kan bayanin Malam Habu: ka jira su yi saɓar farko, kamar mako ɗaya bayan ƙyanƙyasa, sannan ka ɗauki hoto da hasken rana. Fitilar ɗaki tana sa aneri ya yi kama da mai ruwan ƙasa. Ka juya cikin kowanne. Na asali yana da ɗigon baƙi da fari kamar allon draf. Idan cikin fes yake, ka duba ko motili ne, inda zanen baya ke haɗewa ya bar ƙananan da'irori.

Batun kuɗi kuwa, sino ya fi amel da aneri, su kuma sun fi na asali, mace ta fi namiji. Amma ni a ganina cin abinci ya fi kala muhimmanci. Wanda bai ci jaririn ɓera sau 3 ko 4 a jere ba, bai kai na sayarwa ba.

Usman_Obalende:
Yallaɓai Sani, kula da zafin Legas. Ƙwai suna son digiri 27 zuwa 28, su ƙyanƙyashe a kusan kwana 60. Idan wuta ta ɗauke, ɗaki ya haura 31 na kwanaki, 'ya'ya kan fito da lanƙwasasshen ƙashin baya ko gurɓataccen zane. Wannan zanen ba ya bin gado, kar a kira shi sabuwar kala. Macen da za ka ajiye don haihuwa kuma, ka bari ta kai shekara 3 da nauyin giram 300, in ba haka ba ƙwai na iya maƙale mata.