Indomi kullum da dare: ina illar take, kuma me za a dafa a madadinta?

Maman Walid, Jidda:
Assalamu alaikum. Yara sun mayar da indomi abincin dare, kusan kullum. Wasu na cewa akwai kakin kyandir a jikinta wanda ciki ba ya narkarwa. Don Allah masana, ina ainihin illar take? Kuma me zan iya dafawa cikin minti 15 da kayan bakala, wato kantin unguwa?

Malam Habibu, Makka:
Wa alaikumus salam. Zancen kakin nan ba shi da tushe. Maiƙon da kike gani yana tasowa saman ruwa, man da aka soya taliyar ne a masana'anta don ta bushe ta daɗe, galibi man kwakwar manja da aka tace. Shi ya sa ƙaramar leda mai giram 70 zuwa 80 take ɗauke da mai kusan giram 14 ko fiye, wajen rabinsa irin mai daskarewa da ke ƙara kitsen jini.

Amma babbar matsalar gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato gishiri giram 5, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Na yara bai kai haka ba. Leda ɗaya kan kusanci rabin wannan adadi, wata ma ta wuce, kuma mafi yawansa yana cikin 'yar ledar garin ɗanɗano. Saurayin da ya haɗa biyu ya cinye kason yininsa a zama ɗaya. Ki juya ledar ki duba lambar sodiyam, ki ninka sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin. Ki lura ko lissafin na ledar duka ne ko na giram 100.

Sannan ita taliyar garin alkama ce da aka cire wa dusa. Furotin kaɗan ne, ganye babu, don haka yaro zai ƙoshi yanzu, anjima yunwa ta dawo. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya nisance ta.

Hajiya Rabi, Madina:
Maman Walid, in kin hana su gaba ɗaya za su saya a ɓoye su ci ɗanya, su barbaɗa garin ɗanɗanon duka, wanda ya fi muni. Ki rage ta koma sau ɗaya a mako, kuma ki gyara dahuwar. Ki tafasa taliyar ita kaɗai minti 2, ki tsiyaye ruwan, wani sashe na man ya tafi. A wata tukunyar ki soya albasa da tumatir da mai cokali ɗaya, ki zuba karas da kabeji cike da hannu biyu, ki sa rabin garin ɗanɗanon kawai, sannan ki juye taliyar a ciki. Ƙwai ɗaya ga kowane yaro, yana da furotin giram 6. Kada ki ƙara magi ko tsiran gwangwani, in kin yi haka aikin ya koma baya.

Na sauran ranakun, jan adas, wato ƙananan waken nan da ake kira lentil, ya fi komai sauƙi: kofi ɗaya, ruwa kofi uku, albasa, tafarnuwa, kamun (kayan ƙamshin da ake kira cumin), minti 15 zuwa 20, ba ya buƙatar jiƙo. Ki rage wuta da zarar ya tafasa, in ba haka ba zai kama ƙasan tukunya. A matsa lemun tsami a ci da burodi mai dusa. Shurbar shufan (romon oat) irin ta azumi ma ba dole sai Ramadan ba.

Abu Maryam, Jidda:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Ful, wato waken Larabawa, na gwangwani yana da kyau, sai dai ruwan cikinsa gishiri ne. A juye a matsami a ɗauraye kafin a ɗumama. In taliyar ce dai yaran ke so, sha'iriyya (siririyar taliya) ko sufageti ba a soya su ba, kuma ke za ki auna gishirin da hannunki. Ɗanɗanon da suka saba da shi kuwa, ƙwayar daddawa ɗaya da garin citta da busasshen zogale daga wurin 'yan'uwanmu masu kayan miya za su cike gurbin. Ki riƙa rage gishirin a hankali cikin 'yan makonni, don in kin yanke shi rana ɗaya za su ce abincin lami ne su ƙi ci.