Tilasta wa 'yan wasan kwamfuta bayyana sunayensu: gyara ne ko ɓarna?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari. A ranar 6 ga Yulin 2010, kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasan World of Warcraft, ya sanar cewa duk wanda zai yi rubutu a dandalinsa na tattaunawa a intanet sai cikakken sunansa na gaskiya ya bayyana, a ƙarƙashin wani tsarinsa mai suna Real ID, kuma za a fara da dandalin wasansa na StarCraft II. Hujjarsu ita ce mutum zai ji nauyin yin zagi da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Bayan kwana uku kacal, shugaban kamfanin na lokacin, Mike Morhaime, ya janye matakin. Me ya sa jama'a suka yi masa ca, alhali a ganina gyara ya kawo?

Maman Sadiq:
Wa'alaikumus salam, Malam. Tsarin ya fi cutar da wanda ake zalunta a kan azzalumi. Matan da ke wasan da dama suna fakewa da laƙabi ne domin kada a gane mata ne a dame su, kuma da zarar sunan mace ya fito, wanda ya sa ta a gaba zai bi sawunta har Facebook, ya ga hotunanta da unguwarsu da makarantar 'ya'yanta. An ma ga zahiri a lokacin, domin wani ma'aikacin kamfanin ya rubuta sunansa don ya nuna babu abin tsoro, nan take wasu suka tono adireshi da lambar waya da bayanan dangi suka baza a fili. Idan haka ta faru da ma'aikacinsu, ina ga yarinyar da ba ta da kowa a bayanta?

Injiniya Ɗan Birni:
Gaskiyarki, Hajiya. Malam, ka dubi Koriya ta Kudu, wadda ta mai da abin doka a 2007, ta wajabta wa manyan shafuka tantance sunan duk mai sharhi. Sai shafukan suka tara bayanan jama'a jingim, kuma a 2011 masu kutse suka kwashe na mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, tana mai cewa ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ba a ga wata raguwa ta a zo a gani a munanan rubuce-rubucen ba.

Baban Amira:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai har yanzu zagin da yara ke sha a waɗannan wasanni yana damuna ƙwarai. Idan ba a bayyana suna ba, wa zai tsawata?

Maman Sadiq:
Kamfanin ne zai tsawata, Malam, domin ai ya san mai kowane asusu ta hanyar rajista da katin biyan kuɗi. Ya ɗauki masu sa ido isassu, ya rufe asusun mai zagi, amma ya bar sunayen mutane a hannunsa kawai.