Neman kalmar Hausa: hanyar da marubuci ke ja yana naɗewa

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa a kan wata kalma. Na zo da tawa shawarar, amma bari in fara shimfiɗa matsalar.

Akwai wani abu da masu fim da marubuta ke yi wanda kowa ya sha gani, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba. A farkon labari a nuna maka cewa tsakanin gari kaza da gari kaza tafiyar wata guda ce. Can da labari ya ɗau zafi, ana so jarumi ya iso kafin a kashe wani, sai wannan hanya dai, a kan wannan doki dai, ta koma ta wuni ɗaya. Wani lokacin kuma a ja ta: ofishin 'yan sanda na bayan layi, amma ba za su iso ba sai mugu ya gama dogon jawabinsa. Masu Turanci na ce wa abin "speed of plot", wato abin hawa bai san ƙarfin injinsa ko na ƙafarsa ba, buƙatar labari ce ke tuƙa shi. To mu me za mu ce?

Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Game of Thrones, fim ɗin Turawa mai dogon zango. A kashinsa na farko, a shekarar 2011, sarauniya ta faɗa da bakinta cewa sun yi wata guda a kan hanya daga babban birni zuwa Winterfell da ke arewacin ƙasar. Mai kallo ya riƙe wannan, ya san ƙasar nan faɗi gare ta. Sai ga zango na 7 a 2017, kashi na 6: mutane kaɗan sun maƙale a kan wani dutse a tsakiyar tafkin ƙanƙara, can arewa da katangar da ta tokare iyakar ƙasar, rundunar matattu ta kewaye su. Ɗaya ya ruga da ƙafa ya koma katanga, aka saki hankaka da wasiƙa zuwa tsibirin Dragonstone da ke can kudu, nisan da bai gaza wancan na wata guda ba, aka karanta wasiƙa, aka hau dodanni masu fiffike, aka iso, su kuma waɗancan suna nan kan dutsensu, abin da ido ya gani kamar dare ɗaya ne ya wuce. An yarda hankaka ya fi ayarin sarki sauri. Amma duk da haka lissafin ya ƙi, har daraktan kashin, Alan Taylor, ya amsa cewa sun yi sassauci da lokacin. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne: zangunan baya kashi 10 suke, wannan kuwa 7, labari ya yi yawa, wuri ya yi kaɗan, sai hanya ta ɗauki asarar.

Akwai wanda ya girme shi. A fim ɗin Robin Hood na 1991, jarumin ya sauka a gaɓar Ingila ta kudu, wajen Doba, ya ce da abokin tafiyarsa kafin dare suna gidan mahaifinsa a yankin Notingham. A ƙafa suke. Tsakanin wuraren biyu ya haura kilomita 250, ya fi Kano zuwa Kaduna. Kuma a hanya aka nuna su a katangar Hadiriyan, tsohuwar katangar Rumawa wadda take can arewa, an wuce Notingham nesa kafin a kai ta. Bishiyar da aka gani a wurin ita ce wadda wasu suka sare a watan Satumba na 2023, abin da ya ƙona wa mutanen Ingila rai matuƙa.

Namu na gida kuwa, sallah ce ke tona shi. Marubucin Hausa ba ya cika faɗin ƙarfe nawa, amma zai ce an yi la'asar, an kira magariba. Sai ka karanta cewa Alhaji ya sallame la'asar a Kano, direba ya ja mota, kuma a masallacin unguwarsu a Abuja ya samu jam'in magariba. Tsakanin sallolin nan biyu wajen awa 3 ne kawai, hanyar kuma ta haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna. Duk wanda ya taɓa bin ta ya san ko Kaduna ka samu magariba ka gode wa Allah. Da marubucin ya ce jirgi aka hau, da magana ta ƙare. Abin da ya fi damuna shi ne a babi na gaba, da aka so uwa ta rasu kafin ɗanta ya iso, sai wannan hanya ta cinye masa wuni da dare.

Yanzu ga kalmomin da aka kawo mini, da abin da na gani a kowacce.

An fara da "gudun labari", wato a ɗauko na Turanci yadda yake. Ba ta zauna mini ba. In abu mai ƙafa ne ko mai taya, gudunsa saurinsa ne: gudun doki, gudun mota. Amma in ba shi da ƙafa, kunnen Bahaushe na jin tserewa ne: gudun zargi, gudun abin kunya, gudun ɓacin rana. Ka ce wa mutum ana gudun labari, zai zaci wani ne ba ya so a ba shi labarin. "Saurin labari" kuma tana da nata aikin tuni, ita ce yadda labari ke tafiya ba tare da jan ƙafa ba, kuma wannan yabo ne.

Wata 'yar'uwa marubuciya ta ce a kira shi "tsallake". Yaya, na gode, kuma a nan ne ya kamata mu tsaya mu bambance, don yawancin rikicin daga nan yake. Tsallake halas ne, ba a ba da labari sai da shi. Kaka na tatsuniya ta ce "kwanci tashi", ta ce "ana nan ana nan", ta ce "suna ta tafiya, suna ta tafiya", shi kenan an haye wata uku a numfashi ɗaya. Ba ta yi mana ha'inci ba. Ta gaya mana lokaci ya wuce, ta dai hutar da mu zaman jiransa. Haka mai fim da ya nuna mota ta fita da rana, ya yanke, ya nuna ta shiga gari fitilu a kunne. Abin da muke nema wa suna daban ne: lokacin bai wuce ba sam. Shayin da aka zuba kafin a buga waya yana nan yana tururi, mutumin da aka kira daga wani gari ya yi sallama.

Sai babbar shawara, wadda na fi daɗewa a kanta. Wani malaminmu ya ce ai muna da "naɗe ƙasa", me za a je nema? Allah ya gafarta Malam, gaskiya kalmar ta yi kusa ƙwarai, kuma tana da daɗi a baki. Dalilai uku suka sa na ja baya.

Na farko, kalmar tana da gida, kuma gidan mai daraja ne. Ita ce Larabawa ke cewa ɗayyul ardi, kuma a wurin mutanenmu karama ce ake ambata da ita. A addu'ar tafiya da Imam Muslim ya ruwaito muna roƙon Allah ya sauƙaƙe mana tafiyarmu, ya naɗe mana nisanta. A wani hadisin na Abu Dawud an kwaɗaitar da tafiyar dare, domin ana naɗe ƙasa da dare. A suratu Saba'i an ba Annabi Sulaimanu, alaihis salam, iskar da tafiyarta ta safe wata guda ce, ta yamma ma wata guda. A suratun Namli an kawo gadon sarautar Bilƙisu kafin ƙiftawar ido. Kalmar da ke zaune kusa da waɗannan, ba na so mu mai da ita sunan sakacin marubuci. In muka yi haka, shekara kaɗan yara za su riƙa jin ta a matsayin ba'a.

Na biyu, in labari ya ce wane yana naɗe ƙasa, ko aljani ne ya ɗauke shi, to dokar labarin kenan, babu laifi ko kaɗan. Wannan ne ma ya sa ban karɓi "tafiyar aljanu" da wani ƙanena ya kawo ba. Aljanin labari ya gaya maka tun farko shi aljani ne. Matsalarmu da ɗan Adam ce, mai doki ko mai mota, wanda ba a ba shi wata baiwa ba sai ranar da marubuci ya shiga matsi.

Na uku, naɗewa gajartawa ce kawai. Cutar kuwa fuska biyu gare ta, tana gajartawa tana tsawaitawa.

Matasa sun kawo "hanyar danƙo", mai miƙewa in an ja, mai komawa in an saki. Ta kama fuskokin biyu, kuma na san a hira ita za ta fi yawo. Ban hana ba. Sai dai a rubutun nazari, inda ɗalibi zai yi sharhin littafi, ina son kalmar da ke nuna hannun wanda ya ja danƙon.

Tawa shawarar ita ce: nisan ganin dama.

Mun riga mun san aikin ganin dama, mun san zuwan ganin dama. Duk inda aka ce ganin dama, an san babu ƙa'ida, son ran wani ne ke hukunci. In ka ce nisan ganin dama, ba sai ka yi dogon bayani ba: nisa ne da ba taswira ta yanke shi ba, wanda ke riƙe da alƙalami ne ya ga dama. Yau wata guda, gobe wuni, jibi yadda ta kama. Ta ɗauki gajartawa, ta ɗauki tsawaitawa, kuma ta ɗora abin a wuyan mai shi.

An yi mini gyara mai ƙarfi, cewa ai lokaci ne ke canzawa, garuruwan suna inda suke, don haka "lokacin ganin dama" ya fi daidai. Ranka ya daɗe, na duba wannan, amma Bahaushe da lokaci yake auna nisa tun asali. Ka tambayi dattijo nisan gari, zai ce maka tafiyar kwana biyu ce, ko wuni guda, ko zango uku. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu ya san inda za a ya da zango kowace rana, ya san inda ruwa yake. Sunan ya zauna a ƙasa har yau, ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga unguwannin zango a Kumasi da Ankara. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan shekaru suka yi, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na nan. Ko a fiƙihu, ƙasaru a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48. Mutanen da nisa ke rage musu raka'a ba su ɗauke shi abin wasa ba. Kalmar nisa a bakinmu tana ɗauke da hanyar da kwanakinta gaba ɗaya. "Lokacin ganin dama" kuma za ta ruɗe da wanda ke zuwa aiki sa'ad da ya so.

Wani ya tambaya, to shin kullum aibi ne? A ganina a'a, amma ya danganta da alƙawarin da labari ya ɗauka. Fim ɗin barkwanci da bai taɓa gaya maka nisan komai ba, babu wanda zai bi shi da ma'auni. Amma labarin da ya buɗe da taswira, ya sa ka ji wahalar hanya, ya sa ka ji tsoron cewa taimako na nesa, ya ci bashi a wurinka. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya gane wannan. Ya zana jadawalin kwanaki, yana bin inda kowane ayari yake a kowace rana, har da yanayin wata a sama, don kada wani ya ga tsayuwar wata a daren da wani ke ganin farin wata. Jaruminsa Frodo ya bar gida ranar 23 ga Satumba, zoben da ya ɗauko ya hallaka ranar 25 ga Maris, wata shida cur, kuma mai karatu na jin nauyin kowane mako a ƙafarsa. Da zarar mai kallo ya gane cewa ceto na iya faɗowa daga ko'ina a kowane lokaci, fargabarsa ta mutu, kuma fargabar nan ita ce jarin mai labari. Abin da ya ɓata wa mutane rai a wancan tafkin ƙanƙara kenan, ba lissafin gudun hankaka ba.

Wannan ya shafi masu fina-finanmu masu dogon zango kai tsaye, domin su ne ke riƙe mai kallo shekara da shekaru, kuma mai kallon ya san hanyoyin da ake magana a kai, ya bi su da kansa. Bature na iya yafe wa ƙasar da babu ita a duniya. Bakano ba zai manta nisan Zariya ba.

Game da yadda za a yi amfani da ita: kalmomi uku ne a rabe, babu karan ɗori. Suna ce, ba ta buƙatar jam'i. In ana son aikatau, sai a ce marubuci ya naɗe hanya in ya gajarta, ya ja hanya in ya tsawaita. A nan na ɗauki rabin shawarar Malam, naɗewa ta shigo, amma hanya aka naɗe, ƙasa tana wurinta da darajarta. Mai sharhi zai iya rubuta: "Labarin ya ginu, sai dai nisan ganin dama ya yi yawa a babobin ƙarshe, an naɗe hanyar Sakkwato sau biyu, an ja ta sau ɗaya." Edita kuma zai iya sa wa marubuci a gefen takarda: nan akwai nisan ganin dama, ko ka hau da shi jirgi, ko ka bar shi ya yi isha'i a hanya.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da zangunan Gana, ku gwada ta a bakinku ku gaya mana yadda ta sauka a kunnen mutanenku.