Bincike a ƙauyuka da rugagen Damagaram: ina ake yin tuntuɓe?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou za su fita aikin bincike. Waɗanda suka saba da hanyar, a haska musu.

Na Mirriya: Takardar izinin hukuma ba ta wadatar ba. A fara gaida hakimi, sai mai gari, sai liman, da ɗan goro a hannu. Amma yardar mai gari ƙofar gari kawai take buɗewa. Wanda aka kira gaban fada ba ya iya cewa a'a, don haka a bi shi zaurensa a sake neman yardarsa shi kaɗai. A kuma faɗa tun farko cewa ba rabon hatsi ba ne. Da an ga baƙo na rubuta sunaye, kowa zai rantse rumbunsa ba ko zangarniya, lissafi ya ɓaci ke nan.

Hajiya ta Birni: Gaskiya ne, Malam. Matan kulle kuma mace ce za ta shiga wurinsu, da hantsi bayan an sauke tukunya. In maigida na zaune, amsarsa za a ji daga bakin matarsa. Kar tafinta ya zama ɗan garin, ba mai faɗin bashinsa ko ciwonsa gaban maƙwabci.

Na Tanut: A ruga, kar a tambayi Bafillace yawan shanunsa. Jangali zai tuna. A tambayi rijiyar da yake shayarwa da inda ya yi damina. Bafillatana kuma ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan fari, kunya ce, kar a matsa mata don cika takarda. Hoto sai an tambaya, kowane mutum daban.

Ma'aikacin lafiya: In akwai ɗibar jini, sai da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa a Yamai. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. A nuna kwalbar, a faɗi inda za a kai jinin da ranar dawowar sakamako. Dangwala yatsa kan takardar yarda na tsorata wanda bai yi lakwal ba. A karanta masa bayanin da harshensa gaban shaidar da ya zaɓa da kansa.

Hajiya ta Birni: Ranar dawowar nan fa, kar a sa ta lokacin shuka ko ranar kasuwa, ba wanda za a tarar a gida.