Tuba da haƙƙin mamaci: wa za a biya?

Salama gare ku, fastoci da dattawa. Ina koyar da ajin baftisma, kuma wani al'amari ya cije mini.

Wani ɗan aji ya furta cewa lokacin da yake yaron shago ya riƙa ɗibar kuɗin maigidansa kaɗan-kaɗan. Maigidan ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya, ba wanda ya sani. Ɗan ajin ya tuba da hawaye, mun karanta 1 Yahaya 1:9 da Zabura 51, mun yi addu'a. Duk da haka ba ya barci, ya ce ba zai shiga ruwa da haƙƙin mutane a wuyansa ba.

Na nuna masa Afisawa 2:8-9, cewa ceto alheri ne, ba a saye. Sai ya buɗe mini Luka 19:8, inda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya cuta. Na duba Littafin Firistoci 6:5, can an ce a biya cikakke a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Littafin Ƙidaya 5:7-8 kuma ya ba firist ne kawai idan babu dangi, ga magada kuwa da ransu, don haka zuba kuɗin cikin baikon coci bai kwanta mini ba. Ɗan ajin yana da gaskiya a ganina, amma ko adadin bai sani ba, kuma yana tsoron a kai shi ga 'yan sanda.

Shin a yi masa baftisma yanzu ya biya magada a hankali, ko a jira sai ya fuskance su tukuna?